Azumin Da Na Raɗa Wa Habibu Suna

Bana azumi ya zagayo ya faɗo daidai yankan alkama. Ban ma lura ba sai ranar da na taso daga makaranta bayan azahar, na biyo bakin kanal a kan babur, na ga mutane a sunkuye cikin gonaki, leɓe a bushe, babu mai yi wa wani magana. Ƙanshin karan alkamar da rana ta gasa ya bugi hancina, na ji kamar an kira sunana a kotu. A ranar ne kuma, da safe, wata ɗaliba ta ɗaga hannu a aji ta ce, "Malam, mene ne knowledgeable da Hausa?" Na daɗe ina riƙe da alli ban amsa ba, har yara suka fara kallon juna. Na san amsar. Wataƙila ma babu kalmar Turancin da na sani kamar ita. Abin da ya riƙe ni shi ne, a wancan karon da azumi da yankan alkama suka haɗu, shekara talatin da ɗoriya ke nan, wannan kalmar ce ta raba ni da aikin da na ƙwallafa rai a kai.

Lokacin mun gama bautar ƙasa, ni da Habibu, mun dawo ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure, kowa da kwalinsa, babu mai aiki. Habibu ɗan Gwaggo Hajara ne, ƙanwar Baba, wato taubashina. Tare muka yi firamare, tare muka karanci aikin gona a jami'a, kuma ba don yabon kai ba, sakamakona ya fi nasa. Amma a gari ba a san wannan ba, kuma ba na jin an damu a sani. Abin da aka sani shi ne idan manomi ya tsayar da Habibu ya nuna masa ganye mai rawaya, kafin ya rufe baki an ba shi amsa. Idan ni ya tsayar, sai in juya ganyen, in tambayi yaushe ya yi ban ruwa, in tambayi wane taki ya sa, sannan in ce ya danganta. Ban ga laifin wannan ba har yau, domin yawancin abubuwa a gona sun danganta ɗin ne. Sai dai kafin shekara ta juyo sunana ya tashi daga Nafi'u ya koma Ya-danganta, kuma Habibu ne ya fara kirana da shi.

Shekarar ta zo da wuya tun daga farkonta. Ruwa bai shigo kanal da wuri ba, aka yi ta zuwa bakin ƙofar ruwa ana dubawa ana dawowa, har lokacin shuka ya kusa wucewa. Da aka shuka kuma, taki ya yi wuyar gani. Baba ya raba ɗan abin da ya samu a kwami-kwami da tafin hannu, kamar mai sa gishiri a miya. Alkama sanyi take so, sanyin kuwa ya tattara ya tafi tun tana fitar da kai. Zafi ya sauko a kanta tana cikin ɗaukar nono. Idan ka murza zangarniya a hannu ka hura, ƙwayar da za ta rage a tafinka a motse take, kamar fatar tsohuwa. Tsuntsaye su ma suka zo neman nasu rabon, muka wuni muna kaɗa gwangwanaye a jikin igiya har hannu ya yi tsami.

A haka aka ga watan azumi. Inna kan tashe mu da ɗumamen tuwo da miyar kuka, mu ci, mu cika ciki da ruwa har ya riƙa ƙugi idan mun motsa. Ana sallame sallar asuba kowa ya ɗauki lauje. Gayya muke yi, yau gonar wannan gobe ta wancan, domin babu mai halin ɗaukar 'yan ƙodago. Da sanyin safiya har waƙa ake yi, ana tsokanar wanda aka bari a baya. Hantsi na ɗagawa sai waƙar ta mutu da kanta. Ƙaiƙayi ya shiga wuya da hammata, zufa ta bi ta kansa, yawu ya yi kauri a baki. Kanal na nan gefenmu, ɗan ruwan da ke cikinsa yana tafiya a hankali yana sheƙi, mu kuwa iyakarmu mu tsoma riga mu mayar jiki a jiƙe. Kafin ka kai ƙarshen layi ta bushe ƙamas. Da azahar mu zube ƙarƙashin mangwaro kamar dammai. Bayan la'asar a jera tsofaffin durom a kan tabarmi a hau bugu, mata su tsaya da ƙorai a sama suna jiran iska ta taso su yi shiƙa. Wani lokaci sai su daɗe a tsaye, ko ganye ba ya motsi.

Da shan ruwa kunun tsamiya ne, ranar da aka samu sukari a sa, ranar da babu a sha haka. Inna takan lulluɓe randa da jiƙaƙƙen buhu tun da rana, shi ne ƙanƙararmu. Ƙosai sai jefi-jefi. Daga motsattsiyar alkamar nan take ɗiba ta ɓarza ta yi mana dashishi, ta yi ta ba da haƙuri kamar ita ta hana sanyi zama. Ni kuma kowace loma na kai baki sai in tuna ƙato ne ni, da digiri, ina ci daga rumbun da bai cika ba.

Ana cikin haka wata mota a-kori-kura ta fara zuwa gonakinmu. Wata mata ce a ciki, 'yar Kudu daga wata cibiyar binciken noma, mai furfura, da faffaɗar malafa, kowa Dakta yake ce mata. Ba ta jin Hausa ko ta sannu. Ta zo duba dalilin da alkamar ta lalace, kuma aka ce idan za ta tafi za ta ɗauki matashi guda daga garin ya zama malamin gonar gwajin da za su buɗe. Albashi, da babur. Mutum guda. Da yake Turancina ya fi na Habibu tsabta, Sarkin Noma ya ce ni ne tafinta. Baba ya dawo gida yana murmushin da na daɗe ban gani ba.

"Ai shi ke nan, Nafi'u," ya ce. "Kai ne kunnenta, kai ne bakinta. Wa za ta ɗauka in ba kai ba?"

Na ce, "Baba, ba lallai ba ne. Ya danganta da abin da take nema."

Ya ce, "Ka ji ka ko? Allah ya shirye ka."

Muka riƙa zagaya gonaki da ita, ni a gefenta, Habibu yana biye ba tare da an gayyace shi ba. Idan ta tambaye ni me ya motsar da ƙwayar, sai in lissafa mata abubuwan da za su iya jawo hakan, in ce sai an auna ƙasa kafin a tabbatar. Habibu sai ya cafe daga bayana da Turancinsa mai gargada, ya ce jinkirin shuka ne kawai, ya nuna mata da hannu ɓangaren da ruwa ya fara isa da ɓangaren da ya isa daga baya, ya faɗi irin da kowa ya shuka da inda ya samo shi, da wanda ya yi ƙarya ya ce ya sa taki bai sa ba. Duk waɗannan na sani. Wallahi na sani, sai dai ban tabbatar da su tabbacin da zan buɗe baki in faɗa wa baƙuwa ba. Akwai ma ranar da ya ce mata cutar tsatsa ce ta kama wata gona, ni kuwa har gobe ina jin ƙunar rana ce kawai. Amma ban musa ba, don ban auna ba.

Rannan muna tafiya a kan gaɓar kanal, Habibu ya yi gaba yana faɗa da wasu masu shanu da suka matso kusa da dammai, sai ta bi shi da kallo ta gyaɗa kai ta ce, "That young man is very knowledgeable." Ba da ni take ba sosai, da kanta take. Amma ni kaɗai ne a wurin, kuma ni kaɗai na kwashi kalmar na tafi da ita gida.

Ban taɓa zaton kalma tana iya zama wa mutum ƙaya a maƙogwaro ba. Ina yanka tana raina, ina bugu tana raina. Da azahar, maimakon in kwanta ƙarƙashin mangwaro, sai in koma ɗaki in ɗauko ƙamus, zufa tana ɗiga a kan shafi, ina neman wata kafa da zan rage mata girma. Na fara ce wa kaina ai educated take nufi, wanda ya yi makaranta, kuma in dai wannan ne ni ma na yi, har na fi shi. Ƙamus ya ƙi. Educated na wanda ya bi ta aji ne, kwali ke shaidarsa. Wannan kuwa na wanda ya tara sani mai yawa a kan abu, in ka tambaye shi ka samu, ko ya yi makaranta ko bai yi ba. Na koma na kama wutsiyar kalmar, na ce ai able ɗin nan na abin da zai yiwu ne, wataƙila nufinta yaro ne da zai iya sani nan gaba in ya dage. Na ji daɗin wannan fassarar har la'asar, sannan na yarda ƙarya nake yi wa kaina. Sai na lura yawanci about ke bin ta, wato sani a kan wani abu takamaimai, ba sanin komai ba. Na ce madalla, ashe iyakarsa alkama. Can kuma na tuna aikin ma ai na alkama ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na gane ba kalmar da mutum ke faɗa a kan kansa ba ce. Kana iya cewa na yi digiri, ka ciro kwali ka nuna. Amma wannan sai wani ya zauna da kai, ya tambaye ka, ya ji, sannan ya ba ka ita. Kwana da kwanaki ina manne da matar nan ina juya mata kowace magana, ba ta ba ni ba. Ta bai wa wanda ke biye da mu a baya.

Da yake taubasai ne mu, ina da damar zaginsa a gaban kowa a yi dariya, kuma na yi amfani da damar fiye da kima a azumin nan.

"Kai bawana," na ce masa wata rana a wurin bugu, "wannan Turancin naka in Dakta ta ci gaba da ji sai ta kamu da ciwon kunne."

Ya ɗaga dami ya maka a durom ya ce, "Ya-danganta ke nan. Kai da za a tambaye ka sunanka ma sai ka ce a ba ka kwana biyu ka yi bincike."

Aka kwashe da dariya, har da matan da ke shiƙa. Ni ma na yi, amma iyakarta haƙora. Nakan yi istigfari bayan haka, don ban sani ba ko irin wannan yana rage ladan azumi. Na taɓa niyyar tambayar Liman, na fasa, don zai ce wa nake nufi.

A goman ƙarshe Dakta ta ce za ta koma, a tara mata dattawa. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Sarkin Noma bayan la'asar, lokacin da yunwa ta gama cin kowa, ana magana ƙasa-ƙasa don tattalin yawu. Baba yana gaba-gaba da sabuwar hularsa. Habibu ba ya nan, domin layin ruwa ya zo kan gonar albasar Gwaggo, kuma a shekarar nan wanda ya bar layinsa ya wuce ya bar shi ke nan. Saboda haka a duk taron babu mai jin Turanci sai ni.

Ta yi godiya, na juya. Ta yi bayanin jinkirin shuka, na juya. Sannan ta ce ba za ta ɗauki kowa ba sai wanda dattawa suka amince da shi, amma in ra'ayinta ake tambaya, Habibu, domin shi knowledgeable ne a kan alkamar wurin nan. Tana gamawa duk idanu suka dawo kaina.

Na san abin da ke hannuna. Da na ce ta ce Habibu ya yi karatu, ba a ce na yi ƙarya ƙarara ba, kuma na san abin da zai biyo baya. Wani zai ce ai Nafi'u ma ya yi, Baba ya gyara zama, Sarkin Noma abokinsa ne tun suna yara, a ce a bai wa wanda ya riga ya saba da ita. Da na ce mai ilimi, Liman zai tambaya wane littafi ya sauke, maganar ta watse. Gwani kuwa a wurinmu na mahaddata ne. Duk na riga na auna waɗannan kalmomi a ɗaki, na san nauyin kowace.

Na ce, "To, kalmar da ta faɗa tana da fuskoki. Ana iya cewa, wato, idan aka duba ta wani ɓangaren..."

Sarkin Noma ya ɗaga hannu. "Ɗan nan, don girman Allah yau kar ka danganta mana. Azumi muke yi. Me ta ce? Kalma guda."

Na dubi Baba, yana kallona yana ɗan gyaɗa kai. Ba zan ce tsoron Allah ne zalla ya sa ni ba, don ban tabbata ba. Wataƙila tsoron kuskure ne, wanda ya hana ni amsa tambayar ganye mai rawaya. Na dai san kalmar, sanin da ban taɓa yi wa wani abu ba, kuma na kasa faɗin wadda ba ita ba.

Na ce, "Ta ce masani ne."

Liman ya yi gyaran murya ya ce, "Masani dai Allah ne."

Na ce, "Haka ne, Malam. Amma a kan alkamar garin nan, a cikin bayi, shi ta ce."

Sarkin Noma ya yi dariya har da tari. "Masani! Ɗan Hajara? To ai shi ke nan, tunda tafinta da kansa bai danganta ba." Aka shafa fatiha. Baba ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya tafi bai jira ni ba. Na raka Dakta mota, har ta sa ƙafa ta juyo ta dube ni ta ce, "And you, you are careful." Babu wanda ya ji, babu kuma wanda ya ce in juya.

Da shan ruwa sai da Baba ya shanye kununsa tas. Sannan ya ce, "Ita ta faɗa, ko kai ka ƙara mata gishiri?"

Na ce, "Ita ta faɗa, Baba."

Ya ce, "To." Ya turo mini ragowar ƙosan da ke gabansa. Har ya rasu bai sake tayar da maganar ba.

Ranar jajibirin Sallah hadari ya haɗo daga gabas, iska ta kwashe ƙaiƙayin da ke masussuka, aka yi yayyafin da bai wuce ya tayar da ƙanshin ƙasa ba. Kowa ya fito yana hamdala. Ba a jima ba aka kawo wa Habibu babur, ja, yara suna bin sa a guje suna Masani, Masani. Ni kuma daga baya na samu koyarwa a sakandare. Babu malamin Turanci, aka ce in riƙe kafin a samo, har yau ina riƙe.

Yanzu injin sussuka ke yin abin da muke kwana da kwanaki muna yi a durom, kusan kowa da injin ban ruwansa, ana kawo ƙanƙara a babur har bakin gona kafin magariba. Habibu kuwa Alhaji Masani ne, har a rediyo ake kiransa ya yi bayanin noma, kuma in na ji muryarsa nakan rage sauti, sannan in ji kunya in ƙara. Jikokina ma ba su san yana da wani suna ba.

A makon da ɗalibar nan ta yi tambayarta ya aiko in je mu sha ruwa a gonarsa. Muna zaune a kan buhunan alkama, ana jiran kiran salla, na ba shi labarin yarinyar.

Ya ce, "Ai sai ka ce mata ta zo ta ga kalmar da idonta. Dakta da bakinta ta kira ni Masani."

Na ce, "Matar da ko sannu ba ta iya ba?"

Ya tsaya da dabino a hannu. Na ga yana lissafi a fuskarsa, abin da ban taɓa ganin ya yi kafin ya yi magana ba. Can ya ce, "Kai! Ashe bawana ne ya raɗa mini suna, ko rago ban yanka ba." Ya yi dariya ya dafa gwiwata. "To kai fa, me ta ce a kanka? Ba yadda za a yi ta tafi ba ta ce komai ba."

Na faɗa masa kalmar. Ya ce, "Careful. To da Hausa fa, tafinta?"

Shekara talatin ina juya ta. Wata rana ta zo mini a mai kula, wata rana mai taka-tsantsan, ranar da raina ke ɓace kuma matsoraci. Daga masallacin bakin hanya ladan ya ɗaga murya. Habibu ya miƙo mini kofin ruwa mai ƙanƙara, yana jira.

Na karɓa na ce, "Ya danganta."